Kujerun Baba Makulli

Shekara talatin da ɗaya Baba Makulli ya yi yana buɗe zauren taro na ƙungiyar malaman makaranta, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin muryarsa a cikin taro ba. Da shugaba ya buga tebur ya ce a yi shiru, shi aikinsa ya ƙare ke nan. Sai ya koma bakin ƙofa, ya zauna a kan ɗan bencinsa, ya harɗe hannu yana kallon ƙeyar mutane.

Asalinsa kafinta ne. Yana saurayi aka kira shi ya gyara kujeru goma sha biyu da ƙafafunsu suka saki. Da ya gama bai tafi ba. Ya nemi tsintsiya ya share garin katakon da ya zubar, ya goge tagogi, ya jera kujerun layi-layi har ba wadda ta fi wata fitowa. Sakataren wancan zamani yana tsaye yana kallonsa.

"Samari, kana da wani aiki ne?"

"Ina da shi, ranka ya daɗe, amma bai riƙe ni ba."

A ranar aka miƙa masa tarin makullai a zobe ɗaya. Tun daga nan sunansa na yanka ya ɓace. Har matarsa, in ta tashi tsokana, cewa take yi, "Makulli, zo ka buɗe mana wannan gwangwani, tunda buɗewa ce sana'arka."

Zauren a saman bene yake, a kan wani ɗakin ajiya da aka cika da tsofaffin allunan makaranta. Matakala ashirin da biyu ake hawa, masu ƙunci, da kwana a tsakiya. Tagogi shida, fanka huɗu, ɗaya daga ciki tana kuka kamar an taka mage. Kujeru ɗari da arba'in, kuma babu wadda Baba bai taɓa kifa ta ya duba ƙasanta ba.

Shi a wurinsa jera kujeru ilimi ne. Ya san wanda kunnensa ya yi nauyi, ya tanadar masa wuri a gaba ba tare da ya ce masa komai ba. Ya san Malam Gyara, wanda ba a yin minti biyar bai miƙe ya ce "Gyara, shugaba!" ba, don haka yake jan shi da hira har ya zaunar da shi nesa da makirufo. In mutum biyu suka yi cacar baki a taron wata, a na gaba sai Baba ya ajiye kwanon sukari guda ɗaya tak a teburin shayi, ya ɓoye sauran. Dole wani ya ce wa wani, "Miƙo min." Yakan ce wa matarsa, "Abin da ake rubutawa a takarda a cikin zaure ake faɗarsa, amma abin da ke riƙe ƙungiya a kan matakala ake yinsa, lokacin da ake sauka."

A cikin mambobi akwai wata dattijuwa da ake kira Malama Tarihi, saboda darasin da ta koyar har ta yi ritaya. Ita kullum awa guda kafin taro take zuwa, ta hau matakalar nan tana hutawa a kwana, ta zauna a layi na uku kusa da taga. Da kofinta take zuwa a jaka. Ta girme shi da shekara tara, don haka ita ba ta ce masa Baba.

"Ƙanena, fankar nan dai ba za ka raba ta da kuka ba?"

"Yaya Malama, in ta yi shiru ai barci za ku yi."

Haka suke yi duk wata, ita tana zaune, shi yana goge tebur, har mutane su fara shigowa.

Sai aka yi shekarar annoba, aka rufe ƙofofi ko'ina. Ƙungiya ta koma yin taro ta intanet, kowa daga gidansa. Baba ya ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Duk mako yana zuwa ya buɗe tagogi, ya kaɗe ƙura, ya kunna fanka don kada su cije. Da aka buɗe gari ya jera kujerunsa ɗari da arba'in, ya dafa shayi a babbar tukunya. Mutum ashirin da shida suka zo. A taro na biyu goma sha ɗaya. A na uku shugaba da kansa ya bugo waya ya ce cunkoson motoci ya tare shi, a yi haƙuri a koma waya kawai. Kowa ya ɗanɗana daɗin yin taro da silifas a ƙafa, ba jiran mota, ba neman wanda zai zauna da yara.

Baba ya zubar da shayin a magudana, ya wanke tukunya, ya kife ta.

Sakatariyar yanzu mace ce mai kuzari, sa'ar babbar 'yarsa. Wata safiya ta same shi a zaure, ta ajiye kwamfuta a kan teburin shugaba ta buɗe.

"Baba, ni ba zan iya rubutu ina kuma tsaron ƙofa ba. Taron waya ma yana da ƙofa. Kai za ka riƙe ta."

"'Yata, ni da ko saƙo sai na cire tabarau na mayar kafin in karanta?"

"Zauna dai. In kiɗa ya canza ai rawa ma canzawa take yi."

Ta nuna masa ɗakin jira, inda sunayen mutane ke taruwa har sai an danna an shigar da su. Ta nuna masa inda ake rufe wa mutum murya in hayaniyar gidansa ta yi yawa. Kwana huɗu suna yi. Yatsunsa da suka saba da guduma suna danna abu biyu a lokaci guda. A gida matarsa ta dinga dariya.

"Wato yanzu har Malam Gyara kana iya rufe masa baki? Ina ma a ba ni irin wannan maɓalli a gidan nan."

"Wa za ki rufe wa?"

"Ka san shi."

Ranar taro ya zauna shi kaɗai a cikin zaure, kwamfuta a gabansa, kujeru a bayansa babu kowa. Sunaye suka fara bayyana, yana dannawa suna shiga. Ya ga mutanen da ya sani shekara da shekaru a cikin ƙananan akwatuna: wannan a kicin, wancan a cikin mota, wani rufin ɗakinsa kawai ake gani da saman hularsa. Can sai ga wani suna da ya sa ya janye hannu daga kwamfutar.

Malam Kimiyya ne. Shekara tara da suka wuce ya yi hatsarin mota, ƙafafunsa suka daina aiki, ya koma kan keken guragu. Sau ɗaya ya zo taro bayan hatsarin. A ranar Baba da wasu mutum biyu suka ɗauke shi cak suka haura da shi, a kwana keken ya maƙale, rigarsa ta yaye, mutane a ƙasa suna ta "a hankali, a hankali." Bai sake dawowa ba. Baba ya yi ta cewa zai je ya duba shi, har maganar ta tsufa ta zama abin kunya.

Yanzu ga shi a allo, gemu ya yi fari, murya tana nan yadda take. Da aka zo batun sabon tsarin jarrabawa ya ɗaga hannu, ya yi magana ta minti bakwai, babu wanda ya katse shi, har Malam Gyara. Da ya gama ya ce, "Ku yi haƙuri na yi tsawo. Na shekara tara ina tara ta."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Da aka tashi ya rufe kwamfuta, ya fito ya tsaya a saman matakala yana kallon ta har ƙasa. Shekara talatin yana alfahari cewa ba a taɓa zuwa aka tarar da ƙofarsa a rufe ba. Ashe akwai wanda a wurinsa kullum a rufe take, kuma ba makulli ne ya rufe ta ba.

A gida ya kasa cin abinci sosai. Matarsa ta dube shi ta ce, "Yau kuma wa ya taɓa min kai?"

"Ba kowa. Na zaci wayar nan ta zo ta kwashe min mutane ne. Yau na ga ta kawo wanda ni na kasa kawowa."

Daga nan ya daina jin haushin abin. Ya ga malamai mata masu goyo suna shiga da jariri a kafaɗa. Ya ga waɗanda aka tura aiki ƙauyuka masu nisa, da dā sai dai su ji labarin abin da aka yanke a kansu. Yawan masu halarta ya haura ɗari biyu, abin da zaurensa bai taɓa ɗauka ba. Ya koyi gane muryoyi tun kafin hoto ya fito, ya koyi yi wa mutum sannu da zuwa a rubuce da yatsa ɗaya.

Abu ɗaya ne bai saba da shi ba: yadda taro ke ƙarewa. Shugaba zai ce mun gode, kafin ka ƙifta ido akwatuna sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, sai fuskarka kaɗai tana kallonka. Ba mai tsayawa neman takalminsa, ba mai cewa "af, ina labarin yaron nan naka?"

Malama Tarihi tana shiga kowane taro. Da farko takan buɗe kyamara, ta kawo fuskarta kusa har hanci kaɗai ake gani, ta ce, "Ƙanena, kana ji na?" Daga baya sai akwatinta ya zama baƙi, sunanta kawai a rubuce. Wannan ba abin mamaki ba ne, fiye da rabin mutane haka suke yi. A takardar halarta kullum ana rubuta ta zo. Amma Baba ya lura ta daina shigowa da wuri, ta daina gaishe shi, kuma ranar da wani ya yi kuskuren shekarar da aka kafa ƙungiya ba ta ce uffan ba. Wannan kam ba halinta ba ne. Ya rubuta mata, "Yaya Malama, lafiya?" Shiru. Taro na biyu haka, na uku haka. Ya kira wayarta sau biyu ba a ɗauka ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji matarsa. "Kana da ƙafa, ka je mana."

Washegari da hantsi ya shiga motar haya, ya sauka ya sake shiga wata. Bai taɓa zuwa gidan ba, sai da ya tambayi mai shago da mai gyaran takalmi. Matar ɗan Malama ce ta buɗe masa ƙofa, hannunta da kumfar sabulu. Da ya faɗi ko shi wane ne sai ta rufe baki da bayan hannu.

"Kai ne Makulli? Shigo, Baba. Ai mun zaci kun sani."

Malama tana kwance a ɗakin da ke kusa da falo, an tallafe ta da matasai uku. Ɓarin jikinta na dama ya shanye wata uku da suka wuce, magana ta tafi. Bakinta ya ɗan karkace, amma idanun nan suna nan da kaifinsu. Da ta gan shi ta ɗaga hannun hagu ta kama bakin rigarsa ta riƙe.

"Duk ranar taro sai ta yi ta nuna min kalanda," in ji matar ɗan. "Sai in shigar mata, in ajiye wayar a kan matashi, ta saurara har a tashi. Na rufe kyamara ne don ba ta so a gan ta haka. Ni kuma na ɗauka tunda tana shiga, ai kuna tare."

Baba ya ja kujera ya zauna. Ya shiga ba ta labarin zaure: cewa fankar nan ta mutu gaba ɗaya, cewa tantabaru sun yi sheƙa a taga ta biyu, cewa Malam Gyara ya yi taro guda yana ta masifa bai san muryarsa a rufe take ba. Kafaɗarta ta hagu ta shiga girgiza. Dariya take yi, hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne. Ya fi awa biyu a wurin. Kafin ya tashi ya sunkuya ya tambaye ta, "In gaya musu?" Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyaɗa kai.

A taron da ya biyo baya, abu na huɗu a jerin batutuwa shi ne makomar zaure. Shugaba ya ce tunda ba a amfani da shi, a bar wa masu koyar da ɗinki da ke nema. Aka fara ka-ce-na-ce, mutum biyar suna magana a tare. Baba ya duba maɓallin da ke rufe muryar kowa da kowa, wanda Sakatariya ta ce kada ya taɓa sai ta kama dole. Ya danna. Bakunan masu magana suka ci gaba da motsi babu sauti. Ya buɗe tasa.

"Ranka ya daɗe shugaba, ku gafarce ni. Ni ne Makulli. Ba ni da hurumin magana a nan, na sani. Minti biyu nake roƙo."

Ya gaya musu abin da ya gani. Bai ƙara gishiri ba. Ya ce, "Wata uku tana cikinmu, sunanta yana takarda, babu wanda ya sani. Ni ma da ke tsaron ƙofa sai da na yi wata uku. A zaure da ranar farko za mu ga kujerarta babu kowa. Ban ce laifin waya ba ne, don wayar ce ta dawo mana da Malam Kimiyya, kuma ita ce take kai wa Malama muryoyinku har kan gado. Zaure kuma ku ba wa wanda kuka ga dama, katako ne da bulo. Abin da nake tambaya, in mun daina haɗuwa, wa zai dinga lura?"

Ya buɗe musu muryoyinsu. Can aka ji Malam Gyara ya yi gyaran murya, kowa ya zaci zai ce an karya doka. Sai ya ce, "Makulli, wace mota ake shiga zuwa gidan?"

Malam Kimiyya ne ya kawo shawarar da aka tsaya a kai. Ya ce kada a koma gidan jiya, don shi kam ba zai sake yarda a ɗauke shi kamar buhu ba. A bar taron wata-wata a waya. Amma waɗanda ke unguwa ɗaya su dinga haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, mutum biyar ko shida, su shiga da waya guda. Sau uku a shekara kuma a taru gaba ɗaya, ido da ido, ba don yanke komai ba, kuma a ƙasa, inda keke zai iya shiga. Aka bar wa masu ɗinki saman bene. Aka kwashe tsofaffin alluna daga ɗakin ajiya, Baba ya yi mako biyu yana fasa dandamalin ƙofa yana shimfiɗa gangara.

Ba komai ne ya tafi yadda aka tsara ba. Wasu unguwannin sun yi haɗuwa biyu suka watse. Matasan malamai da yawa sun ce su kam waya ta ishe su, kuma Baba bai ga laifinsu ba. Ba su taɓa sanin zaure ba balle su yi kewarsa. A babban taro na farko mutum sittin suka zo cikin ɗari biyu da wani abu. Sakatariya ta ɓata rai.

"Baba, duk wahalar nan sittin?"

"'Yata, dā ana zuwa ne don dole, in ba ka zo ba a yanke abu a bayanka. Waɗannan babu abin da ya kawo su sai son ganin juna. Duba agogo. Awa ɗaya aka ce, yanzu ta uku muke ciki, kin ga wanda ya nemi ƙofa?"

Kujerun da suka yi yawa ya rarraba su gidajen da ake haɗuwa, shida nan, takwas can. Shi kansa yanzu ranar taro ba ya zama shi kaɗai. Yakan saka kwamfuta a jaka ya tafi gidan Malama Tarihi, daga gefen gadonta yake buɗe wa mutane ƙofa. Su biyar ne ke zuwa, har da Malam Gyara da ba unguwarsu ba ce, mota biyu yake shiga. Malama ta fara dawo da kalmomi kaɗan, "a'a" ce ta fara fitowa, kuma tana amfani da ita sosai.

A taron watan jiya aka zo ƙuri'a a kan ko a rage tsawon taro zuwa awa ɗaya. Matar ɗanta ta miƙa hannu za ta juya kwamfutar gefe kamar yadda ta saba. Malama ta ce, "A'a." Ta nuna ɗankwalinta, aka gyara mata, aka ɗaga ta zaune. Baba ya buɗe kyamara. Ta ɗaga hannun hagu sama a cikin masu ƙin amincewa, ta riƙe shi har Sakatariya ta gama ƙirga. Ɓangarenta ne ya faɗi, da tazara mai yawa.

Da aka tashi ba wanda ya motsa daga ɗakin. Malam Gyara ya ce an yi ƙirgen ba daidai ba, wata malama ta ce masa shi dai ko ƙirgen yatsunsa aka yi sai ya ce a sake. Matar ɗan ta shigo da ruwa. Baba ya naɗe wayar caji ya saka a jaka, ya zauna yana sauraron su har rana ta yi sanyi, sannan ya raka Malam Gyara bakin titi, shi kuwa Malam Gyara yana ta yi masa bayanin sashe na bakwai na dokar ƙungiya har motarsa ta zo.